Ina Rajistar Kakanninmu? Bin Sawun Asali da Addinin Gidajen Gobir

Da yawa daga cikinmu mazauna Sakkwato, Kaduna, Kano, Abuja da Legas mun taɓa shan wannan tambaya daga bakin 'ya'yanmu: "Baba, wane ne kakan kakanmu, daga ina ya zo, kuma wane addini ya bi?" Akasarinmu mukan ƙirga suna uku ko huɗu, daga nan sai harshe ya yi nauyi.

Bature bai cika shan wannan wahala ba. Tun a 1538 aka ba da umurni a Ingila cewa kowace majami'a ta ajiye littafin da za ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a 1563 kuma cocin Katolika ya wajabta irin wannan rajista. Saboda haka mutum kan buɗe littafin cocin ƙauyensu ya tarar da sunan kakansa na takwas, ya kuma gane ɗarikar da ya bi. Mu kuwa, ranar suna liman ya raɗa, maroƙi ya yi shela, wanzami ya yi aski da tsaga, a raba goro a watse, babu wanda ya ɗauki alƙalami. Amma wannan bai nuna ba mu da rajista ba. Tamu a warwatse take, kamar yadda tarihi ya warwatsa mu.

Sarkin Gobir Babari ne ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, bayan ya rinjayi Zamfarawa, kuma kufan birnin yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. A 1808 Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Gobirawan da suka ƙi mubaya'a suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga can ne Ɗan Halima ya ɓalle ya zo ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa ta bunƙasa a matsayin ribaɗin Daular Usmaniyya. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Ingila da Faransa suka ja iyaka ta ratsa tsakiyar Gobir. Ta haka wa ya zama ɗan Nijeriya, ƙane ya zama ɗan Nijar, takardun da suka shafi gida ɗaya suka rabu tsakanin Kaduna da Yamai.

Wuri na farko da mai bincike zai nufa shi ne rubuce-rubucen malamai: Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, da Raudatul Afkari na Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya kawo labarin sarakunan Gobir. Ana samun irinsu a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna. Sai dai waɗannan littattafai sun fi ambaton sarakuna da malamai. Talaka zai fi dacewa da sunan kakansa a tsohon gafaka na gida, domin marubutan da sukan sa sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen Alƙur'ani ko littafin da suka kwafa.

Na biyu, takardun mulkin mallaka da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Jami'an Turawa sun zagaya gundumomin Lardin Sakkwato domin ƙiyasta haraji, suka rubuta sunayen ƙauyuka da dagatai da sana'o'i, sau da yawa har da ƙabila da addini. Haka nan littattafan kotunan alƙalai, musamman shari'un gado da na gona, sukan jero 'ya'yan mamaci ɗaya bayan ɗaya. A ɓangaren Faransa, tawagar Kyaftin Tilho da ta shata iyaka tsakanin 1906 da 1908 ta tattara tarihin Gobir daga bakin dattawa.

Na uku, takardun mishan. 'Yan mishan na SIM sun buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, da asibitin Galmi a 1950, sun kuma kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato. 'Yan uwanmu Gobirawa da suka karɓi Kiristanci tsiraru ne, amma su ne suka fi kusa da samun irin rajistar Bature.

Na huɗu, wanda ya fi duka girma, shi ne abin da ke kan fuska da bakin mutane: tsagar Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, kirarin gida, waƙoƙin makaɗan fada, da abin da tsofaffin mata suka haddace na wa ya auri wa.

A kan batun addini ne ake bukatar taka-tsantsan. Kowace takarda tana da idon da ta kalle mu da shi. Malaman jihadi sun yi rubutu ne suna cikin yaƙi da sarakunan Gobir, Bature kuwa haraji ne a gabansa, kuma ta bakin tafinta yake ji. Don haka ganin kalmar "arne" a gefen sunan ƙauyenmu bai isa hujja ba, haka ma cewar da kowane gida ke yi wai kakansa malami ne daga gabas. Musulunci ya daɗe a Gobir kafin 1804. Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Sallar Layya, Shehu Usmanu yana cikinsu. Dokar da aka ce Nafata ya kafa, cewa kada kowa ya zama Musulmi sai wanda ya gada daga ubansa, ita kanta shaida ce cewa akwai gidajen da suka gaji addinin, akwai kuma masu shigowa sabo. A gefe guda kuma akwai Inna, mai riƙe da al'amarin bori a fadar Gobir, da manoma Anna masu tsafin gargajiya. Kakanninmu suna cikin duk waɗannan rukunai. Wanda ya gano kakansa Anne ne ba abin kunya ya tono ba, ya dai san ranar da shiriya ta shigo gidansu. Sahabbai ma ba su ɓoye sunayen iyayensu na jahiliyya ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kowa ya san shi. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Sabon Birni da Isa, dubban mutanenmu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. A 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa, Allah ya jiƙansa. Idan gari ya tashi, gafaka ya ƙone, dattijo ya rasu a gudun hijira, to shafi ne ya yage wanda babu kwafinsa a Kaduna ko Landan.

Shawararmu ita ce kowane ɗayanmu ya nemi mafi tsufa a danginsa, namiji ko mace, ya ɗauki muryarsa a waya. A tambayi sunayen kakanni ta wajen uwa da uba, garin da suka baro, sana'arsu, tsagarsu da wanda ya fara karatu a gidan. A ɗauki hoton kowace tsohuwar takarda, a rubuta wanda ya faɗi kowane labari da ranar da ya faɗa, a kuma bar saɓani yadda yake ba tare da gyara ba. Ƙungiya kuma ta ware kwamitin da zai adana kwafi a wuri fiye da ɗaya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Amin.