Sautin r da Tarihin Lafazin Turanci

Bambancin da kunne ke fara kamawa tsakanin Turancin Amurka da na kudancin Ingila shi ne makomar sautin r bayan wasali. Ba'amurke yakan furta shi a kalmomi irin su "car" da "hard", mutumin Landan kuwa sai ya yar da shi ya ja wasalin. Rabe-raben lafuzzan ƙasashe bisa wannan ma'auni sananne ne tun aikin masanin harshe J. C. Wells na 1982, ba sai an maimaita ba. Abin da ke neman gyara shi ne ra'ayin nan mai wuyar mutuwa, wai lafazin Ingila shi ne na asali, na Amurka kuwa gurɓacewa ce da ta zo daga baya.

Tarihi bai goyi bayan haka ba. Turawan da suka sauka Jamestown a 1607 da Plymouth a 1620 sun baro Ingila ne tun ana furta r a kusan ko'ina. Zubar da shi bai kankama a Landan ba sai ƙarni na 18, kuma a ƙamusunsa na 1791 John Walker ya lura da yadda sautin ya raunana a bakin mutanen birnin. Ostireliya, wadda aka fara kai wa Turawa a 1788, ta gaji sabon salon, haka ma Afirka ta Kudu da mafi yawan Niyu Zilan. Sikotilan da Ayalan da Kanada suka riƙe tsohon.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu wancan ra'ayi ita ce Boston da Niyu Yok da Charleston. Sukan ce in da gaske baƙin farko da r suka zo, me ya sa waɗannan tsoffin biranen gaɓar teku suka yar da shi? Tambayar ba ta wasa ba ce. Akwai alamun cewa r ya fara faɗuwa jefi-jefi tun kafin ƙaurar, musamman gaban s, kamar yadda "burst" ta haifi "bust". Sai dai faɗuwa a 'yan kalmomi daban, sauyin da ya share tsarin furuci gaba ɗaya daban. Bayanin da ya fi zama, a iya cewa, shi ne waɗannan birane sun daɗe suna cinikayya da Landan, attajiransu suka kwaikwayi yayin da ake yi a can, mazauna cikin ƙasa ko a jikinsu. Yayi kuma juyawa yake. A 1962 masanin harshe William Labov ya zaga manyan shaguna uku a Niyu Yok yana yi wa ma'aikata tambayar da amsarta "fourth floor", ya tarar cewa na shagon masu kuɗi sun fi furta r.

Iyakar abin da hujjar ke ɗauka ke nan. Ba ta nuna cewa Amurkawa na magana da bakin zamanin Shakespeare ba, kamar yadda wasu ke zaƙewa. Su ma sun yi nasu sauye-sauyen: t na "water" ya sassauta har yana kama da d, kuma a yankuna da dama "cot" da "caught" sun zama furuci ɗaya.

A ƙasashen da suka koyi Turanci a aji ma, ma'aunin bai canza ba, bakin malami suka bi. Najeriya da Ghana, da suka karɓa daga Birtaniya bayan sauyin ya zauna, ba sa furta r bayan wasali. Filifin, da ta shiga hannun Amurka a 1898, tana furtawa.