Ramukan da ke ɓuya cikin haƙorin zinare

Wannan makon za mu leƙa ɗakin ƙera haƙora, mu bi tarihin 'yan ramukan da kan ɓuya cikin zinare bayan an zuba shi.

A watan Janairun 1907 wani likitan haƙori daga Chicago, William Taggart, ya nuna wa takwarorinsa a New York yadda ake sassaƙa cikon haƙori da kaki, a lulluɓe shi da kwaɓin filasta mai jure wuta, a ƙone kakin, sannan a tura narkakken zinare cikin gurbin da ƙarfin iska. Dabarar ba sabuwa ba ce, maƙeran Ife da Benin sun daɗe suna zubin tagulla haka. Ko a fagen haƙori, Barnabas Philbrook na jihar Iowa ya riga shi bayyana ta tun 1897, shi ya sa daga baya kotu ta rushe haƙƙin mallakar Taggart. Amma a hannunsa ta yaɗu.

Shigar da zinare cikin mazubi ta samu, sai dai abin da ke fitowa ba kullum yake cike ba. Ana goge shi sai rami ya buɗe. In a baki-bakin cikon ne, yawu da abinci su sami mafaka, ruɓa ta dawo ƙarƙashin zinaren da mutum ya biya da tsada. In a mahaɗar haƙora biyu ne, wata rana ta karye ana cikin tauna.

A ganinmu, awo ne ya warware matsalar, ba sabon inji ba. A 1928 R. L. Coleman na hukumar awo ta Amurka ya nuna cewa zubin zinare kan tsuke da kusan kashi 1.25 cikin 100 na tsawonsa. A 1957 kuma Ryge, Kozak da Fairhurst suka wallafa bincike a kan ramukan kansu, aka fahimci ba iri ɗaya ba ne, kowane da sanadinsa.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne ramin tsukewa. Zinare na shiga mazubi ta wani siririn bututu, bari mu kira shi maƙogwaro. Yayin da zinaren ke daskarewa yana raguwa, don haka yana buƙatar ƙari daga baya. In maƙogwaron ya yi siriri ya riga daskarewa, hanya ta toshe, wurin da ya daskare a ƙarshe ya zauna fanko. Maganin shi ne a tsara daskarewar: ta fara daga nesa, ta ƙare a maƙogwaro. Shi ya sa ake kafa shi a inda kakin ya fi kauri, a yi masa kaurin milimita 2 ko fiye, a kuma ɗora masa wani ƙullutu da zai zama ma'ajiyar narkakken zinare. Ramin dai sai ya fito, amma a ƙullutun da za a yanke.

Sai na iska. Zinaren haƙori gauraye yake da azurfa da jan ƙarfe, su kuwa suna shan iskar oksijin in sun narke, su amayar da ita lokacin daskarewa. Mai riƙe wuta kan guji ƙarshen harshenta, ya yi aiki da shuɗin tsakiya, kada kuma ya zarce da zafi. Mazubin filasta ma ba a wuce masa digiri 700, don yakan fitar da iskar farar wuta ta ɓata zinaren.

Akwai kuma iskar da ke cikin gurbin tun farko, wadda Strickland da Sturdevant suka yi rubutu a kanta a 1959. Dole ta fice ta jikin filastan kafin zinare ya daskare, don haka ake barin kaurin milimita 6 kacal tsakanin kaki da ƙarshen mazubi.

Da farashin zinare ya tashi daga dala 35 kan oza ya kai 850 a Janairun 1980, ɗakunan ƙira da yawa suka koma gaurayen faladiyam da azurfa. Faladiyam kuwa haidirojin yake sha, kwaɓin da ke jure zafinsa kuma ya fi filasta toshewa, sai aka koma buɗe wa iska ƙananan hanyoyin fita.