Makarantar Mishan ta Wusasa da Rawar Ɗalibanta a Adabin Hausa

Tsakure: Wannan maƙala ta bibiyi makarantar mishan ta CMS a Zariya da Wusasa, da malamanta da waɗanda ta yaye, domin nuna cewa tarihin rubutun zube na Hausa bai ba su matsayin da ya dace da su ba.

Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yana duba marasa lafiya yana koyar da yara. A 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa Wusasa. Da Hausa ake karatu a makarantar, da ita ake wa'azi, kuma wannan ya taimaka wa aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito a 1932, wanda Miller ke kan gaba a cikinsa. 

Cikin waɗanda makarantar ta yaye, sunayen da aka fi ambata na 'yan boko ne. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, shi ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Ishaya Audu ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ma a makarantar mishan ɗin ta St. Bartholomew da ke Wusasa ya fara karatu.

Wanda ya fi damun wannan nazari shi ne John Tafida. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka samu littattafai biyar, kuma Jiki Magayi, wanda Tafida ya rubuta tare da East, yana cikinsu. Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa, waɗanda su ma littattafansu ke cikin biyar ɗin, Kwalejin Katsina ta yaye su, shi kuwa Tafida a hannun mishan ya tashi. Duk da haka, labarinsa daga farko har ƙarshe cikin gidajen Musulmin Hausa yake gudana. A labarin, wani mai suna Abubakar na son Zainabu, dukiyar Malam Shehu ta raba su, sai ya shiga daji neman asirin da zai lalata Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu. Yaron ya zama ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon duniya ne da raha. Tafida ya tsaya cikin gida, kan auren kuɗi da ramuwar gayya, jigon da marubutan Kano suka mamaye tun daga shekarun 1980.

A ganina, abin takaici ne yadda ake jingina ingancin littafin ga East, a bar Tafida tamkar mai kawo labari kawai. Sanin yadda ake neman aure, da yadda mai ƙullin zuciya ke bin bokaye, na ɗan ƙasa ne wanda ya ji maganar da kunnensa.