Ƙazuwa, kirci da makero: abin da sunaye ke faɗi kan tarihin cutar fatar kare da kyanwa a Damargu

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu nuna cewa tarihin aikin likitan dabbobi a Nijar ya daɗe bai kula da kare da kyanwa ba, alhali harshen jama'a ya tanadi sunayen cututtukan fatarsu. Mun ɗauki misalin Damargu, inda manoman Gangara ke zama kafaɗa da kafaɗa da makiyaya Buzaye da Fulani na wajen Tanut da Balbeji.

2. Matsayin kare

Damargu zango ce a kan hanyar ayari tsakanin Agadas, Damagaram da Kano. Ta nan Barth ya bi a Janairun 1851. A irin wannan ƙasa kare ma'aikaci ne: yana gadin garke da gida, yana farauta. Kyanwa kuwa tana tsare hatsi daga ɓera. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, ta kuma yarda a aje shi don kiwo, noma ko farauta. Amma ba a kai shi kasuwa kamar raƙumi, don haka ba a saba kashe masa kuɗin magani ba.

3. Inda hukuma ta sa ido

Bushiya ta share shanun Sahel a farkon shekarun 1890. Tun daga nan aikin likitan dabbobi ya bi saniya. Makarantar Bamako ta 1924, da gangamin rigakafin bushiya da aka soma a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi, da makarantar Dakar ta 1968, duk dukiyar garke ce babban burinsu. Ba a tuna kare sai in ya yi hauka ya ciji mutum.

4. Sunaye uku, sababi uku

Ƙazuwa (gale) wata ƴar mitsitsiyar halitta ce ke kawo ta, Sarcoptes scabiei, mai haƙa rami cikin fata. Renucci ya fiddo ta daga fatar majinyaci a gaban likitocin Paris a 1834. A jikin kare takan soma daga bakin kunne, gwiwar ƙafar gaba da ciki, da ƙaiƙayi mai tsanani. Bahaushe ya ba ta suna ɗaya ko a mutum take, ko a raƙumi, ko a kare. Kimiyya ta gaskata shi: ta kare takan kama mai shi, ko da yake ba ta cika daɗewa a jikin mutum ba.

Makero (teigne) naman gwari ne. Gashi na zubewa a da'ira, sau da yawa ba ƙaiƙayi sosai. Kyanwa na iya ɗaukar Microsporum canis ba tare da alama ba, ta shafa wa yara.

Kirci kuwa, wanda Van Saceghem ya bayyana a Kwango a 1915, ƙwayar bakteriya ce. Ya fi kama shanu, yana bin damina da kaska, shi ya sa ya fi ƙarfi a kudu mai laima.

5. Magani

Da, ana shafa wa raƙumi mai ƙazuwa kwalta ko mai. Da mota ta zo sai baƙin man inji ya shiga, har a jikin kare, wanda kan lashe shi ya cutu. Ibamektin, da ya fito a 1981, ya sauya al'amari: yana kashe ƙwayar ƙazuwa. Sai dai ba ya taɓa makero, kuma in aka yi wa kare ko kyanwa awon da ya dace da raƙumi, yana iya halaka su. Ido kaɗai ba ya raba cututtukan. Sai an kankare fata an duba da madubin likita.

6. Kammalawa

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwar mutum cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Mu masu nazarin harshe da alhaki a kanmu. Idan mai fassarar takardar gargaɗi ya kira gale da teigne duka «ƙazuwa», to ya tura makiyayi sayen maganin da ba zai yi aiki ba, yaro kuma ya ci gaba da wasa da kyanwar. Muna ba da shawara a tattara waɗannan sunaye a Damargu, cikin Hausa, Tamajak da Fulatanci, tare da likitan dabbobi da zai tabbatar da cutar da ke ƙarƙashin kowane suna.