Takardar da ke tsayawa a madadin kwantena

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kaya daga Kwatano ko Lome ya san takardar nan da kamfanin jirgin ruwa ke bayarwa in an loda kaya, wadda ƴan taranzit ke kira konesma. Kwantena na tsakiyar teku, amma ana iya sayar da kayan cikinta, ko a jinginar da su ga banki, da sa hannu kawai a bayan takarda a miƙa. To shi wanda ya karɓa, me ya riƙe ke nan? Amsar ba ta samu a rana ɗaya ba, sai da mutane suka yi asara.

A 1786 wani kamfani na garin Middelburg a ƙasar Holan ya loda hatsi zuwa Libaful ta Ingila, ya aika wa mai saye, wani Freeman, da takardun. Freeman ya miƙa su ga Lickbarrow, wanda ya ba da kuɗinsa. Ana nan sai Freeman ya karye, bai biya masu hatsi ba. Su kuwa suka sa wakilinsu Mason ya tare kayan. Kowa da gaskiyarsa: wannan ba a biya shi ba, wancan ya biya. Aka yi ta jan shari'a daga 1787 har 1794. A ƙarshe aka tsaya a kan al'adar ƴan kasuwa: wanda ya karɓi takardar da kuɗinsa, bai san da wata rigima ba, shi ke da kaya.

Amma da sauran rina a kaba. In kaya sun lalace a hanya, mai jirgi sai ya ce masa, "Ai ba da kai na yi yarjejeniya ba." Kuma kotu ta yarda. Sai a 1855 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba shi damar kai ƙara kamar shi ne ya loda.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce shari'ar Grant da Norway ta 1851. Kyaftin ya sa hannu cewa an loda dila 12 na siliki daga Kalkata ta Indiya, alhali ko ƙyalle bai shiga jirgin ba. Waɗanda suka ba da kuɗi bisa takardar suka kai ƙarar masu jirgin, aka ce kyaftin ba shi da izinin sa hannu kan kayan da babu su. Kuɗi suka tafi. Gyaran ya zo a 1968, da aka sake duba yarjejeniyar Burusel ta 1924: a ƙasashen da suka amince da gyaran, in takarda ta shiga hannun wanda ya karɓa da zuciya ɗaya, mai jirgi ba ya musanta abin da ta ce.

Abu biyu dai ba su sake ba, Alhaji. Ƙarfin yana ga takardar asali, wadda galibi ake fitarwa guda 3, kuma da an karɓi kaya da ɗaya sauran sun mutu. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp ba ita ba ce. Sannan ƙara tana da wa'adi: shekara 1 daga ranar miƙa kaya a ƙa'idar Burusel, shekara 2 a ta Hambag ta 1978.