Matsalolin Koya wa Yaro Zuwa Bayan Gida

Koya wa yaro zuwa bayan gida shi ne taimaka masa ya gane lokacin da fitsari ko kashi ya matse shi, ya riƙe na ɗan lokaci, sa'an nan ya je inda ya dace ya yi. A wurin babba wannan ba wani abu ba ne. A wurin yaro kuwa aiki ne babba. Sai jijiyoyin da suka haɗa mafitsara da hanji da ƙwaƙwalwa sun yi ƙwari, ƙafafunsa sun iya kai shi wurin, hannunsa ya iya tuɓe wando, kuma shi kansa ya yarda. Yawancin yara suna kaiwa wannan matakin tsakanin wata 18 da shekara 3, kuma 'yan mata sukan ɗan riga maza. Riƙe fitsari da dare yakan zo daga baya, wani lokaci bayan wasu shekaru.

Idan abin ya ƙi, iyaye da yawa sukan ce taurin kai ne ko ƙyuya. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai dalili a jikin yaron ko wani tsoro da ya kasa faɗa, kuma dalilin da aka fi mantawa da shi shi ne taurin bayan gida.

Yaushe ya kamata a fara?

Babu lokaci ɗaya da ya dace da kowa. A garuruwanmu uwa takan miƙe ƙafafunta ta zaunar da jariri a kansu tun yana 'yan watanni, tana yi masa wani ɗan sauti har ya yi. Ba mu kaɗai ba ne. A shekara ta 1977 wasu masu bincike sun ba da rahoto a kan mutanen Digo da ke gaɓar teku a Gabashin Afirka, waɗanda suke fara koya wa jarirai tun suna 'yan makonni, har yawancinsu su daina ɓata jiki wajen wata shida. A Amurka kuma wani likitan yara mai suna T. Berry Brazelton ya koyar a shekara ta 1962 cewa a jira sai yaron ya nuna ya shirya, kuma shawararsa ce yawancin likitocin yara na Turai da Amurka suke bi har yau.

Hanyoyin biyu ba sa saɓa wa juna kamar yadda ake zato. Uwar da ke tsugunar da jariri ita ce take lura da lokacinsa, ba shi ne yake riƙewa ba. Hakan yana da amfani, yana rage wanki da kuɗin pampas, kuma ba ya cutar da yaro muddin babu tsawa ko duka. Amma kada a ɗauka cewa yaron da aka saba tsugunarwa ya riga ya iya. Sa'ad da ya fara tafiya da wasa, zai iya komawa ɓata wando, domin yanzu ne aikin ya dawo hannunsa.

Za ku san ya shirya idan yana yin awa biyu bai jiƙa wando ba, yana nuna ƙyama idan ya ɓata jiki, yana bin umurni mai sauƙi, yana kuma son kwaikwayon yayyensa.

Yaron da ke fitsari a fo amma ya ƙi yin kashi

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaure wa iyaye kai. Yaron yana fitsari a fo ba gardama, amma idan kashi ya zo sai ya ɓuya bayan ƙofa ko bayan kujera ya yi a wando, ko ya ce sai an sa masa pampas. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekara ta 1997, wanda ya bi yara 482, ya gano cewa wajen ɗaya cikin biyar sun yi irin wannan ƙin na wata ɗaya ko fiye.

Ga yadda abin yakan faru. Wata rana yaron ya yi kashi mai tauri, ya ji zafi, wataƙila ma duburarsa ta ɗan tsage. Yaro ba ya manta zafi. Da ya sake jin kashi sai ya matse. Za ku gan shi ya ƙame, ya harɗe ƙafafu, ya yi ɗage, fuskarsa ta canja, ku ɗauka nishi yake yi, alhali riƙewa yake. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ke cikinsa, saboda haka duk daɗewar da kashin ya yi, ƙara bushewa yake yi da girma. Ranar da ya fito dole, zafin ya fi na farko, tsoron kuma ya ƙaru.

Idan aka yi watanni a haka, ƙarshen hanji yakan buɗe ya saba da cika, har yaron ya daina jin alamar kashi. Sai kashi mai ruwa daga sama ya riƙa zagaye dunƙulen mai taurin yana zuba a wando ba tare da yaron ya sani ba. A nan ne ake yawan yin kuskure biyu. Wasu iyaye suna ɗauka gudawa ce su ba shi maganin tsayar da ciki, wanda ke ƙara tsananta matsalar. Wasu kuma suna dukansa don ya ce bai ji ba, alhali gaskiya ya faɗa. Ko warin ma ba ya ji, domin hancinsa ya saba. A cikin yaran da suka wuce shekara 4 suna ɓata wando da kashi, mafi yawansu wannan ne dalilin.

Abin bai tsaya a kashi ba. Ƙarshen hanji yana bayan mafitsara ne daf da ita. Idan ya cika, yakan danne ta, ta kasa ɗaukan fitsari da yawa ko ta kasa juyewa sarai. Shi ya sa yaro mai taurin bayan gida yakan jiƙa wando da rana, ya yi fitsarin kwance, ko ƙwayoyin cuta su riƙa shiga mafitsararsa. Akwai yaran da fitsarin kwancensu ke tsayawa da zarar an warware musu cikin.

Ku lura: yaro zai iya yin bayan gida kullum kuma yana da wannan matsalar. Abin dubawa shi ne kamanninsa. Idan yana fitowa ƙanana kamar kashin awaki, ko ƙato sosai, ko da jini kaɗan a jikinsa, ko yaron yana yin kwana uku bai yi ba, cikin ya taurara.

Abin da za ku iya yi

Ku fara da tausasa kashin, domin babu lallashin da zai yi aiki muddin akwai zafi. Ku ba shi ruwa isasshe, musamman a lokacin zafi, da abinci irin su wake, alayyafo, zogale, gwanda, lemo da mangwaro. Ku rage biskit da yawan madara, don yaron da ya cika cikinsa da madara ba ya cin abin da zai sauƙaƙa masa bayan gida. Amma idan cikin ya riga ya cushe, abinci kaɗai ba zai isa ba. Likita zai ba da maganin tausasa kashi kamar laktulos ko makrogol, da farko don a fitar da abin da ya taru, bayan haka a ci gaba da ɗan kaɗan kullum. Ana yawan shan sa na watanni, domin hanjin da ya buɗe yana bukatar lokaci kafin ya koma daidai. Dainawa da wuri shi ne babban abin da ke dawo da matsalar. Kada ku ɗura wa yaro ruwan sabulu ko jiƙo ta dubura a gida. Yana iya ji masa ciwo a hanji, kuma yana ƙara masa tsoron wurin.

Hanji yakan motsa bayan cin abinci. Saboda haka ku zaunar da shi a fo na minti biyar bayan karin kumallo da kuma bayan abincin dare, ko ya yi ko bai yi ba. Ku yabe shi don ya zauna. Idan ban-ɗakin zama kuke da shi, ku sa masa ɗan kujera ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwoyinsa su ɗan fi ƙugunsa tsawo, domin yaron da ƙafafunsa ke lilo ba ya iya nishi da kyau. Tsuguno irin namu na gargajiya ya riga ya magance wannan.

Idan ya nace sai a pampas, ku ba shi. Gara ya yi a pampas da ya riƙe. Ku ce ya yi a cikin ban-ɗaki, bayan wasu kwanaki ya zauna a kan fo da pampas ɗin a jikinsa, a hankali a cire.

Tsoron masai

Ga yaro ɗan shekara biyu, bakin masai rami ne mai duhu da wari da ƙudaje, kuma tsoronsa na faɗawa ba wauta ba ce. Ku bar shi a fo har ya girma, ku zuba kashin a masai, ku wanke fo ɗin da hannuwanku da sabulu. Wasu suna ganin kashin yaro ba ya da illa su bar shi a tsakar gida, amma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki kamar na babba. Wasu yaran kuma a makaranta suke riƙewa, don ban-ɗakin ya yi datti ko suna jin tsoron neman izini. Yana da kyau ku tambayi malamar.

Yaron da ya iya sa'an nan ya koma baya

Haihuwar ƙane, yaye da kai yaro gidan kaka, ƙaura, fara makaranta, rashin lafiya ko rigima tsakanin iyaye suna iya sa yaro ya koma jiƙa wando. Yakan wuce cikin 'yan makonni idan aka bi shi a hankali.

Fitsarin kwance

Likitoci ba sa ɗaukan fitsarin kwance a matsayin matsala sai yaro ya kai shekara 5. A wannan shekarun wajen 15 cikin 100 na yara suna yi. A shekara 10 sun ragu zuwa wajen 5 cikin 100, kuma kowace shekara wajen 15 cikin 100 na masu yi suna dainawa da kansu. Ya fi yawa ga maza, kuma gado ne sosai. Idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi yana yaro, wajen yara 4 cikin 10 za su yi. Idan su biyun ne, wajen 3 cikin 4. Uban da ya ɗaga bulala zai yi kyau ya fara tambayar mahaifiyarsa.

Abubuwa uku ne sukan haɗu. Jiki yana fitar da wani sinadari da dare da ke sa ƙoda ta rage yin fitsari, kuma a wasu yara bai isa ba tukuna. Mafitsarar wasu ba ta ɗaukan fitsari da yawa. Na uku kuma, ƙwaƙwalwar yaron ba ta tashe shi sa'ad da mafitsara ta cika. Babu ɗaya cikin ukun da ke hannunsa. Yara masu sikila suna yawan yin fitsarin kwance har su girma, domin ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari, kuma bai kamata a hana su shan ruwa ba.

Kiran yaro amalala, ɗora masa tabarma a kai a tara yara su yi masa waƙa, ko ɗaura masa kwaɗo a ƙugu kamar yadda ake yi a wasu wurare, ba sa gyara ƙoda ko mafitsara. Idan yaro ya daina bayan an yi masa haka, lokacinsa ne ya yi. Abin da yakan rage masa shi ne kunya, wadda za ta iya hana shi kwana a gidan dangi ko zuwa makarantar kwana.

Ku ba shi yawancin ruwansa da safe da rana, a rage da dare, a guji shayi da lemon kwalba da yamma. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. Ku shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, ku ajiye fo da fitila kusa. Tashe shi da tsakar dare yana ceton katifa, amma ba ya koya masa komai idan cikin barci aka ɗauke shi. Ga yaro mai shekara 6 ko 7 da abin ke damunsa, akwai wata ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a wando, wadda ke ƙara da zarar ta ji danshi. Tana bukatar wata biyu zuwa uku da haƙurin dukan gida. Akwai kuma maganin desmofiresin da ke rage fitsarin dare, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, domin shan ruwa da yawa a kansa yana da haɗari.

Lokacin da ya kamata ku ga likita

Ku kai yaro asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan ya daɗe da dainawa sa'an nan ya dawo da fitsarin kwance tare da yawan ƙishirwa da rama, domin ciwon suga yakan fara haka a yara. Haka ma idan yana kuka lokacin fitsari ko akwai zazzaɓi, ko kun ga jini a fitsarin, wanda ga yaran da ke wanka a kududdufi ko rafi yakan zama tsargiya. Yarinyar da fitsari ke ɗiga mata dare da rana ba tsayawa, yaron da ƙafafunsa ba su da ƙarfi ko yake da wani rami ko gashi a ƙasan bayansa, da wanda cikinsa ke taurara tun daga haihuwa, duk suna bukatar gwaji. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci ma yana jawo fitsarin kwance. Idan kuma yaro ya canja hali farat ɗaya, yana jin tsoron wani mutum ko yana ƙin a taɓa shi, ku saurare shi da kyau, don cin zarafi yana iya bayyana ta wannan hanyar.

Yara masu jinkirin girma ko magana suna iya koyo, sai dai suna bukatar ƙarin lokaci da tsari iri ɗaya kullum. Kafin ku je asibiti, ku yi mako ɗaya kuna rubuta ranakun da yaron ya yi kashi da kamanninsa, sau nawa yake fitsari da rana, da dararen da ya jiƙa shimfiɗa, ku tafi da takardar.