Daga Molo Zuwa Jita Mai Tsirkiya Biyar

Wanda ya jera kayan kiɗan tsirkiya na ƙasar Hausa zai ga ƙidayar ba ta da nisa: kuntigi da goge da kukuma tsirkiya ɗaya, garaya da gurmi biyu, molo uku. Shi ya sa saurayin Boɗinga ko na Shagari da hannunsa ya saba da jitar bes mai tsirkiya huɗu, in aka miƙa masa mai biyar, sai ya ɗauka bai gaji komai daga kakanni da zai taimake shi ba. A ganina ya gada. Ƙarancin tsirkiyar nan yana da tarihi, kuma shi ya tilasta wa makaɗanmu sanin wuyan abin kiɗa da kunne, wanda shi ne ainihin abin da mai koyon tsirkiya ta biyar ke nema.

Wani babban ɓangare na tarihin a ƙasar Boɗinga aka yi shi. Bayan cin Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya yi zama a Boɗinga. A waɗannan shekarun ne malaman biyu suka yi ta rubutu a kan abin da ya halatta ga sabuwar daula, har da kiɗa. Malam Abdullahi ya tsananta a Diya'us Sulɗan, Shehu kuma ya nuna a Najmul Ikhwan cewa akwai mas'alolin da malamai suka yi saɓani a kansu, bai kamata a ƙuntata wa jama'a ba. Duk da haka, sassaucin da aka samu ganga ta fi cin moriyarsa, domin tana da aikin tara jama'a da na yaƙi, bandiri kuma yana da gurbi a biki. Tsirkiya ba ta samu irin wannan uzuri ba. Da fada ta farfaɗo da kiɗanta, fata ta riƙe: Salihu Jankiɗi da taushi, Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso. Garaya ta zauna wurin maharba da 'yan bori, goge ya zauna a dandali. Masu ilimi kuwa suka riƙe rubutacciyar waƙa wadda ba ta buƙatar kiɗa ko kaɗan, al'adar da Alhaji Shehu Shagari ya bi da ya rubuta Waƙar Nijeriya yana malamin makaranta.

Za a ce ai molo da garaya sun girmi jihadi, kuma tun can tsirkiyarsu ba ta da yawa. Gaskiya ne, jihadi bai cire wa kowa tsirkiya ba. Abin da ya yi shi ne nisanta ta daga inda ake samun sukunin ƙarawa. Makaɗi Ziryabu, da ya isa Ƙurɗuba a 822, a inuwar fadar Abdurrahman na Biyu ya shahara da ƙara wa udu tsirkiya ta biyar. A ƙasar Mande, inda makaɗan tsirkiya ke tare da sarakuna da manyan gidaje, kora ta kai tsirkiya 21. Makaɗin garaya da ke bin maharba ba shi da ubangidan da zai ciyar da shi shekara guda don ya zauna gwaje-gwaje, kuma aikinsa bai nemi hakan ba. Tsirkiyarsa hawa da saukar muryar Hausa take bi, tana faɗin kirari, biyu sun ishe ta.

To amma sandar gurmi ko ta kuntigi sumul take, babu ƙarafan da aka gitta don nuna wa yatsa inda zai sauka. Haruna Uji da gurminsa, da Ɗanmaraya Jos da tsirkiyarsa ɗaya tal, sun san kowane amo ne ta nisansa da ɗan'uwansa. Nan ne gadon yake. Jitar bes da kamfanin Fender ya fitar a 1951 tsirkiya huɗu gare ta, E da A da D da G. Ta biyar mai kaurin murya, wato B, sai a tsakiyar shekarun 1970 ta bayyana, kuma sabbin amo biyar kacal ta ƙara a ƙasa. Tazarar da ke tsakaninta da E daidai take da wadda ke tsakanin E da A. In aka danne ta a gaɓa ta biyar, amon E ne zai fito. Mai rikicewa shi ne wanda ya haddace cewa tsirkiyar da ke can sama ita ce E, domin yanzu wata ta hau kanta. Wanda ya riƙe tazara a kunne zai tarar duk salon yatsun da ya sani yana nan, ya ma samu sabon layin da zai maimaita shi.

Ba na musun cewa kunne kaɗai ba ya wadatarwa. Dole a koyi sunayen gaɓoɓi don a yi magana da mai fiyano, kuma dole babban yatsa ya koyi kwantar da tsirkiyar B, don tana gunji ko ba a taɓa ta ba. Wannan aikin makonni ne. Misalin Malam Mamman Barka na Nijar ya nuna abin da ya fi nauyi. Ya yi suna da gurmi mai tsirkiya biyu, sannan a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin Bukar Tar ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Biram ko wuyan dannawa ba shi da shi, kowace tsirkiya da amonta, don haka yatsunsa daga farko suka fara. Kunnen da gurmi ya horar ne ya tafi da shi, kuma da biram ɗin ya zaga Turai kafin rasuwarsa a 2018.